Takarda Mai Lamba

Unguwar Manu, ta Malumfashi
8 ga Janairu, 1979

Yaya Habila,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Baba lafiya lau, Inna ma haka. Kakarmu Tsohuwa gwiwarta ta sake kumbura, amma tana fitowa tsakar gida da sanda. Ni ce Rahab. Kada ka yi mamakin rubutun. Tun da na gama firamare Baba ya ce an daina kai wasiƙarmu wajen kowa, ni zan riƙa rubutawa, ni zan riƙa karantawa. In ka ga kuskure ka yi haƙuri.

Wasiƙarka ta farko daga Singafo ta iso ranar Laraba. Ka san ba mu da akwati a gidan waya, ta akwatin Alhaji Bature take biyowa. Mudi magatakardansa ne ya kawo ta. Kafin ya jingine babur rabin unguwa sun taru a gindin ɗorawar ƙofar gidanmu. Baba ya ce wasiƙar da ta haye teku ba ta mutum ɗaya ba ce, a karanta kowa ya ji. Yaya, ban taɓa magana a gaban maza haka ba. Sau biyu Baba yana cewa in ɗaga murya. Mudi ya ce wannan ai da hanci take karatu, aka yi dariya.

Da na zo wurin da ka ce gida ɗaya hawa goma sha biyu ne, kuma ta taga ake shanya a kan gora, wani ya ce ƙarya ne. Baba ya ce ɗan wansa bai taɓa yi masa ƙarya ba tun yana yawo ba wando. Daga nan ba wanda ya ƙara musu. Sun ce kamfanin jiragen ruwa ba zai ɗauki wawa daga Legas ya tura shi koyon gyaran inji ba.

Tsohuwa ta ce in tambaye ka me kake karyawa da shi, tunda ka ce babu koko babu ƙosai. Tana ganin yunwa kake kwana da ita.

Siyasa ta shigo mana. An ce bana soja za su miƙa mulki, motoci masu lasifika suna ta zuwa kasuwar Malumfashi. Alhaji Bature ya tsaya takarar majalisar jiha. Malam Ummaru ma ya tsaya a ɗaya jam'iyyar, wato hedimastan da ka zauna gidansa shekara uku bayan rasuwar babanka. Ya zo da kansa a kan keke ya gaishe da Baba. Na kai musu ruwa zaure na ji Baba yana ce masa ranar zaɓe yatsansa na Malam ne, ba ya manta alheri. Da Inna ta ji ba ta ji daɗi ba. Ta ce Baba ya tuna fadamar da muke ci aro ce, ta gidan su Alhaji ce tun kakanni, kuma in babu ita gonar tudu ba za ta kai mu watan bakwai ba. Baba ya ce an ce wannan karon mutum shi kaɗai zai shiga ɗaki ya dangwala, daga shi sai Allah.

An fara yankan rake. Albasa ta yi kyau. Mutane sun ce ka ba su labarin mulkin can, ko da sarki ko babu.

Ni ce ƙanwarka,
Rahab Mati

Singafo
12 ga Fabrairu, 1979

Ƙanwata Rahab,

Na karɓi wasiƙarki, a tsaye na karanta ta har sau uku. Ina gaida Baba da Inna da Tsohuwa, Allah ya sauƙaƙa gwiwa. Ina gaida duk wanda ke gindin ɗorawa. Ni lafiyata ƙalau, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Ki gaya wa Mudi rubutunki ya fi nasa, ni na faɗa.

Ga amsar Tsohuwa. A ƙarƙashin benen da nake kwana akwai shagon wani tsoho ɗan Sin, sunansa Lim. Ba ya sa riga, daga singileti sai gajeren wando. Gahawa yake sayarwa. Yana zuba garin a wata jakar ƙyalle mai kama da safa, wadda ta yi baƙi don tsufa, ya kwarara mata tafasasshen ruwa. A gindin kofi akwai madarar gwangwani mai kauri. Sai ya gasa burodi a kan garwashi, ya shafa masa wani abu mai zaƙi na kwakwa da ƙwai, ya ɗora bota. Duka kuɗin ba su fi na koko da ƙosai a tashar Funtua ba. Lebura da mai kwat tebur ɗaya suke zama. In ya yi zafi ka tsiyaya a ɗan faranti ka kurɓa, ba mai kallonka. In kana sauri ya zuba maka a gwangwanin madara mai igiya, ka rataya a yatsa ka tafi. Ranar sabuwar shekararsu ya ba ni lemo biyu, ya ce a wurinsu ba a ba da ɗaya. Tsohuwa ta kwantar da hankalinta, har ƙiba na yi.

Masu tambayar sarki, babu sarki a nan. Shekaranjiya Asabar ma aka yi zaɓen cike gurbi a wasu unguwanni, har da tamu. Yawon neman ƙuri'arsu bai kai mako biyu ba. Sun ɗaure hotuna a sandunan fitila. Da yamma a ajiye babbar mota a fili, ɗan takara ya hau ya yi magana, mutane suna tsaye da lema suna saurare. Ban ga sanda ko wuƙa a hannun kowa ba. In an tashi kowa ya tsince takardarsa, don yar da shara tara ce. Jefa ƙuri'a dole ne, wanda bai je ba sai a cire sunansa.

Abu ɗaya ya ba ni mamaki. Na tsokani Lim na ce wa zai zaɓa. Mutumin da ba ya rufe baki sai ya duba hagu da dama, ya kama goge teburin da ba datti. Da mutane suka ragu ya ce mini kowace takardar ƙuri'a tana da lamba. Ya ce in za a miƙa maka ita sai an kira sunanka da ƙarfi, a rubuta lambarka a gindin da aka yage takardar. Ya ce shi yana da shago yana da 'ya'ya, ba ya wasa da takarda mai lamba. Na yi masa dariya, na ce tsufa ne. Ya ce in shanye gahawata kada ta huce.

Ki ɗaga murya in kina karatu, ba mai cizonki.

Yayanki,
Habila

Unguwar Manu
20 ga Maris, 1979

Yaya Habila,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Tsohuwa ta ji daɗin amsarka, amma ta ce kada ka ƙara shan abin da aka tace da safa. Zafi ya shigo sosai.

Yaya, ban san yadda zan fara ba. Na karanta wasiƙarka a gindin ɗorawa kamar kullum. Mutane sun fi na wancan karon yawa. An yi ta dariya a wurin safa da wurin lemo. Da na zo wurin takarda mai lamba sai dariyar ta tsaya. Ina jin kukan kaji daga bayan gida.

Mudi ya ce, “Ƙara karanta wurin nan, 'yar Mati.”

Na ƙara. Ya ce in ƙara. Sau uku na karanta. Sai ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

Ya ce, “To kun dai ji. Ba ni na faɗa ba, ɗanku ne ya rubuto daga ƙasar da suka fi mu ilimi.”

Wani ya ce ai labarin can ne. Mudi ya ce takardar zaɓe duk duniya iri ɗaya ce, inji ɗaya ke buga ta. Ba wanda ya san gaskiyar wannan, don rabon da a yi zaɓe a nan tun ina goye, mata kuma ba su taɓa yi ba. Na so in ce ai kai ma dariya ka yi wa tsohon. Sai na ninke takardar na shiga gida.

Yanzu motar Alhaji ita take faɗa a kasuwa. Suna cewa kowa ya tambayi mutanen Unguwar Manu labarin wasiƙar Habila. Wata mai sayar da daddawa daga Tsiga ta tare Inna ta tambaye ta wai da gaske ɗanta ya ga injin da ke nuna sunan wanda ya dangwala. Ba ka rubuta inji ba, Yaya. Na sake dubawa.

Makon jiya Alhaji ya zo fadama. Baba ya ce rabon da ya taka ta shekara tara. Ya bar motarsa a bakin hanya ya tattare babbar riga ya bi kunya kunya. Ina can ina kwasar albasa. Bai yi faɗa ba. Yabon gonar ya yi ta yi, ya tambayi kayan rake nawa aka yanka bana. Ya ɗebi ƙasa ya murza, ya ce ƙasa irin wannan tana son hannun wanda ya san nasa. Baba ya durƙusa ya yi godiya. Ranar bai ci tuwo ba.

Don Allah ka rubuto ka ce abin da ka faɗa na can ne, ba na nan ba. Ka rubuta shi sarai yadda ba mai juya shi. Kai kaɗai za su yarda da maganarka. Baba ma haka.

Ƙanwarka,
Rahab

Singafo
2 ga Afrilu, 1979

Ƙanwata Rahab,

Ina gaishe ku duka, da fatan kowa lafiya. Ban ga amsarki ba tukuna, amma jiya Lahadi ta wuce ban rubuta ba, hannuna yana ƙaiƙayi. Na san masu gindin ɗorawa suna jira.

Aiki yana tafiya. Mun kwance injin wani jirgi wanda mutum zai iya tsayawa a cikin bututunsa bai sunkuya ba. Na yi aski, don a ofisoshin nan an kafa takarda cewa namiji mai dogon gashi shi za a saurara a ƙarshe. Ku gaya wa samarin da ke tara suma. Da rana muna ci a wata rumfa babba, masu tuya sun fi talatin, ɗan Sin da ɗan Indiya da Musulmin nan kowa da tukunyarsa. Na sami mai shinkafa da kifi da yaji, ita ce ta fi kusa da hannun Inna.

An kwance hotunan zaɓe, kamar ba a yi ba. Amma maganar Lim ta tsaya mini a rai, sai na tambayi shugabanmu na wurin aiki. Ya ce lambar gaskiya ce, don kada a yi takardun jabu aka sa ta. Ya ce in an gama ƙirga ana kulle takardun duka a ajiye wata shida, sannan a ƙone su a gaban mutane. Ba mai buɗewa sai alƙali ya ba da izini, kuma shi bai taɓa jin an buɗe ba.

Da safe na kai wa Lim wannan labari ina murna. Yana tsiyaya gahawa bai ko ɗago kai ba. Ya ce, “Wata shida. Takarda nawa mutum zai karanta a wata shida?” Kin ji tsoho da taurin kai. Ya ƙara mini burodi kyauta, ya ce na cika surutu.

A gaida Tsohuwa. A gaya mini yadda raken bana ya yi.

Yayanki,
Habila

Unguwar Manu
6 ga Mayu, 1979

Yaya Habila,

Muna gaishe ka. Kowa lafiya, sai Inna da ta yi zazzaɓi kwana uku, ta warke. An yi ruwan farko.

Na gane wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya, ba ka ga tawa ba ka rubuto. Ba laifinka ba ne. Amma na yi wani abu, gara ka ji daga bakina.

A gaban kowa ake buɗe ambulan, ba na samun dubawa kafin nan. Ina karanta labarin aski idona ya riga bakina sauka ƙasa, na ga kalmar lamba. Da na gama wurin shinkafa da kifi sai na tsallake na tafi wurin a gaida Tsohuwa, na ninke takardar.

Mudi ya ce takarda gaba da baya ba ta ƙarewa da wuri haka. Ya miƙo hannu. Na dubi Baba, Baba ya ce in ba shi. Ya bi rubutun da yatsa a hankali har ya samu wurin. Ya karanta cewa lambar gaskiya ce. Ya karanta cewa ana ajiye takardun wata shida. Ya karanta maganar tsohon. Wurin ƙonewa da wurin alƙali bai karanta ba. Ina tsaye a gefensa ina gani. Yaya, shi ma tsallakewa ya yi, amma ni aka kama, ta yaya zan ce ya tsallake? Ya sa takardar a aljihu ya ce Alhaji zai so ya gani. Ya tambayi mutane me gidan Mati ke ɓoyewa har suka koya wa yarinya cin rubutu.

Baba ya ce yarinta ce. Da muka shiga gida bai dake ni ba. Ya ce abin da aka rubuta shi zan karanta, ko da wuta ce. Na gaya masa akwai wurin da aka ce ana ƙone takardun. Ya dube ni. Ya ce yanzu wa zai yarda da ni.

Washegari ya je gidan Alhaji ya ba da haƙuri. Sun dawo da shi a mota, suka liƙa hoton Alhaji a bangon zaurenmu, babba, daidai inda Baba ke jingina.

Ina jiran amsarka.

Rahab

Unguwar Manu
24 ga Yuni, 1979

Yaya Habila,

Gaisuwa. Muna lafiya. An dasa shinkafa a fadama, ta kama.

Wata biyu ke nan ba mu ga wasiƙarka ba. Tsohuwa tana cewa ko jirgi ya nutse da kai. Duk ranar da Mudi ya wuce sai ya rage gudu ya ce akwati wayam, ɗanku ya manta da ku. Ni ban yarda ba. Inna ce ta fara faɗa, ta ce makullin akwatin a hannun wa yake.

Mudi yana bi gida gida da littafi yana kwafe lambar katin zaɓen kowa. Ya ce in sunaye suka dawo daga Kaduna da shi za a gwada. Ya kwafe na Baba da na Inna da na Tsohuwa. Wanda ba a rubuta ba ba ya samun takin zamani.

Malam Ummaru ya biyo jiya. A tsaye Baba ya gaishe shi a ƙofa, a ƙarƙashin hoton. Bai ce ya shigo ba. Malam ya yi murmushi ya ce ba komai, ya san halin da ake ciki, ya hau kekensa. Baba ya bi shi da ido har ya ɓace. Na ji yana cewa a hankali, shi ya riga ya ba Malam maganarsa.

Zaɓen majalisar jiha ranar 21 ga Yuli ne. Kada ka ƙara aikowa ta akwatin Alhaji. Ka rubuta sunan Malama Jane ta asibitin Malumfashi, muna haɗuwa a coci. Ita za ta sa mini wannan a gidan waya. Ka yi sauri.

Rahab

Singafo
15 ga Yuli, 1979

Rahab,

Yau wasiƙarki ta iso. Ina lafiya, ba abin da ya same ni, ki gaya wa Tsohuwa. Wannan ce ta uku da nake rubuta magana ɗaya. Biyun suna wurin wanda ke riƙe da makulli.

Ki karanta wa Baba wannan, ki karanta wa kowa. Ni Habila ɗan Manu nake magana. Abin da na rubuta labarin wata ƙasa ne, kuma labarin tsoron wani tsoho ne. Ban taɓa ganin inji mai nuna suna ba. Ko a nan ba a ba ɗan takara takardun mutane, ƙone su ake yi. Wani abokin aikinmu ya zo daga Legas makon jiya, ƙanensa malamin zaɓe ne, na tambaye shi. Ya ce in takarda ta faɗa akwati ta gauraya da sauran, adadi kawai ake faɗa, ba wani jerin sunaye da ke dawowa daga Kaduna. Littafin Mudi ba shi da abin da za a gwada shi da shi. Alhaji ba zai san inda yatsan kowa ya sauka ba, sai in mutum ya faɗa da bakinsa.

Na so in ba ku dariya ne kawai. Ban yi tunanin kunnen da ke saurare ba. Na ba Lim labari da safen nan. Ya ajiye butarsa ya zauna kusa da ni, abin da bai taɓa yi ba.

Ki gaya wa Baba ya gafarce ni. Allah ya sa ta iso kafin Asabar.

Habila

Unguwar Manu
15 ga Agusta, 1979

Yaya Habila,

Ina gaishe ka. Muna lafiya, ba wanda ke kwance. Tsohuwa ta yi kuka da ta ji kana raye.

Wasiƙarka ba ta iso kafin Asabar ba. Ranar 5 ga wata Malama Jane ta miƙo mini ita a bakin coci.

An yi zaɓe lafiya. Alhaji ya ci. A akwatin unguwarmu mutum uku ne kawai ba su zaɓe shi ba. Bayan mako guda ya aiko Mudi ya tara mutane. Ya ce sunayen suna hanya, amma Alhaji yana azumi, ba ya son tozarta kowa. Ya ba da mako biyu, zuwa Jumma'a 10 ga wata. Wanda ya kai kansa za a yi masa sauƙi. Wanda ya bari sunansa ya iso, shi ya sani.

Baba yana cikin ukun, ya yi kwana uku yana zuwa fadama ya tsaya kawai, ba ya cire ko ciyawa. Inna ta roƙe shi kada ya kai kansa. Ya ce Habila ya gani da idonsa, kuma gara ya je da ƙafarsa da a kira sunansa a kasuwa. Ranar Laraba ya sa rigarsa ta coci ya tafi. Alhaji ya karɓe shi da kyau. Ya ce tunda ya kawo kansa, rabin fadamar kawai zai karɓa, ya bar masa rabi. Baba ya dawo yana cewa an gode Allah.

Kwana huɗu bayan haka na karanta masa wasiƙarka a ɗaki, daga ni sai shi sai Inna. Ya ce in maimaita. Da na gama ya ce sai yanzu ya gane. Ya ce da ya faɗi abin da ya kawo shi Alhaji ya dubi Mudi, Mudi kuma ya yi saurin ɗauko biro ya rubuta sunansa. Ya ce wanda ke da suna a hannu ba ya rubuta shi sabo.

Inna ta ce a sa wasiƙar a murhu, rabi ya fi babu. Baba ya ce saura mutum biyu, kuma saura kwana biyar. Bai san ko su wane ne ba, amma ya san abin da ke hana su barci, kuma daga ƙofarsa abin ya fita. Ya juyo ya dube ni.

Ya ce, “Ke za ki karanta. In ba za ki iya ba ki faɗa yanzu, ba zan ga laifinki ba.”

Na ce zan iya. Ban san dalilin da na ce haka ba.

Ranar Litinin bayan la'asar ya aika aka kira mutane. Mudi ma ya zo, ya tambaya ta wace hanya wannan ta biyo. Na hau kan turmi don na baya su ji. Na karanta daga kwanan wata har sunanka, ban bar ko kalma ɗaya ba, har wurin makulli. Mudi ya ce a ba shi ya gani. Na ce ya zo ya tsaya kusa da ni ya bi da ido, zan sake daga farko. Bai zo ba. Na sake daga farko duk da haka. Na sauko. Mutane suka watse ɗaya ɗaya, ba mai duban ɗan'uwansa.

Jumma'a ta zo ta wuce. Ba wanda ya je gidan Alhaji. Sunaye ba su iso ba.

Shekaranjiya mutanen Alhaji huɗu suka zo da turaku da guduma. Ba a tsakiya suka kafa ba, kewaye fadamar suka yi duka, har bakin rafi. Sun ce mu yanke shinkafa in ta nuna, raken kuwa ba namu ba ne. Baba yana tsaye yana kallo. Da suka kafa wani a karkace ya nuna musu inda iyakar take tun zamanin babansa, suka gyara.

Ya ce in gaya maka ba ya riƙe da kai, kada ka sa abin a ranka, ka gama karatunka. Ya ce kuma in tambaye ka, tunda ka san mutane a Funtua, ko a wurin gurzar auduga suna ɗaukar mai shekara hamsin da bakwai. Ya ce ka gaya musu yana iya ɗaukar buhu.

Ni ce ƙanwarka,
Rahab Mati